"Sarkin yaƙinmu zaki ne": kamantawa ce ko siffantawa?

Ɗalibar Hausa:
Assalamu alaikum, malamaina da iyayena na wannan zaure. Ina aji biyu a wata kwalejin horar da malamai, kuma na zo da wata tambaya da ta hana ni sakat tun makon jiya. A gwajin da aka yi mana na darasin adon harshe an kawo jimlar nan, "Sarkin yaƙinmu zaki ne", aka ce mu faɗi irin adon da ke cikinta tare da hujja. Na rubuta cewa kamantawa ce, domin a Islamiyya, sa'ad da muka karanta Balaga, wato ilimin fasahar zance na Larabci, an koya mana cewa muddin aka ambaci abin da ake kamantawa da wanda ake kamanta shi da shi, su duka biyu a cikin zance ɗaya, to, tashbihi ne, wato kamantawa, ko da kuwa an sauke kalmar "kamar". Da takarda ta dawo sai na tarar an ja mini jan biro, an rubuta "siffantawa" a gefe, maki biyar sun salwanta. Ban ja da malamin ba, domin ba tarbiyyarmu ba ce, amma ina so in san wanda ya kuskure tsakanin malaman nawa biyu.

Malamin Sakandare:
Wa alaikumus salam. 'Yata, a ma'aunin darasin Hausa malaminki na kwaleji ne ke kan daidai, kuma ko a jarrabawar WAEC ko NECO kika gamu da wannan jimla, amsar da ake jira ke nan. Kamantawa ita ce a ɗauki abubuwa biyu mabambanta a auna ɗaya da ɗaya ta amfani da kalma irin su "kamar", "tamkar", "sai ka ce". Siffantawa kuwa ita ce a kawar da wannan kalmar, a ce wannan abu shi ne wancan kai tsaye. Idan kika ce sarkin yaƙi kamar zaki yake, kin kamanta. Idan kika ce zaki ne, kin siffanta. Haka muke koyar da yara shekara da shekaru, kuma haka yake a littafin Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, wanda galibin ɗaliban nazarin rubutacciyar waƙa suka bi ta cikinsa.

Almajirin Zaure:
Allah ya saka wa Malam da alheri, amma ina roƙon a yi wa malamin Islamiyyar adalci, domin shi ma bai faɗi son ransa ba. A Balagar Larabci, a ɓangaren da ake kira ilimin bayani, tashbihi yana da rukunai huɗu: abin da ake kamantawa, abin da ake kamanta shi da shi, kalmar kamantawa, da kuma fuskar kamar, wato halin da ya haɗa su. Idan aka ce "sarkin yaƙi kamar zaki yake wajen jarumtaka", an cika rukunan huɗu. Ana iya sauke kalmar kamantawar a bar sauran, ana iya sauke fuskar kamar a bar sauran, idan kuma aka sauke su duka biyu aka ce "sarkin yaƙi zaki ne", malaman fannin suna kiran wannan tashbihi baligi, kuma a wurinsu shi ne mafi ƙarfin tashbihi, amma bai fita daga babin tashbihi ba.

Abin da suke kira isti'ara, wadda ma'anarta a lugga aro, ba ta tabbata sai an ɓoye ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu gaba ɗaya. Misali, ka ce "na ga zaki a kan doki yana riƙe da mashi". A nan ba a ambaci sarkin yaƙi ba ko kaɗan, an aro sunan zaki an ɗora masa, kuma dokin da mashin su ne suka hana mai sauraro ya zaci zakin dawa ake nufi. Wannan shi ne ra'ayin mafi yawan malamai, ko da yake akwai waɗanda suka saɓa musu suka shigar da irin jimlar da ake magana a kai cikin isti'ara. Saboda haka yarinyar nan ba jahilci ne ya kayar da ita ba. Ta shiga kasuwar da ake awo da tiya ne riƙe da mudun wata kasuwar.

Malamin Sakandare:
Na karɓi wannan gyara, kuma ban san rarrabewar ta kai haka ba. Sai dai har yanzu ina kan cewa ɗalibin da ke ajin Hausa wajibi ne ya yi amfani da ma'anar da fannin ya amince da ita, in ba haka ba kowa zai shigo da tasa, mai duba takarda ya rasa abin kamawa.

Goggon Ɗalibai:
Ni na yi shekara talatin ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki, kuma abin da ya fi damuna a wannan darasi ba saɓanin Balaga da nazarin Hausa ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne mun mayar da yara mafarautan kalmar "kamar". Yaro zai ɗauki waƙa ya bi ta da yatsa ɗango bayan ɗango, inda duk ya ga "kamar" ya ja layi ya rubuta kamantawa, inda bai gan ta ba ya wuce abinsa. Na taɓa rubuta jimloli uku a allo: "Kamar za a yi ruwa yau", da "Mutum kamar ashirin suka zo ɗaurin auren", da "Kamar yadda na faɗa muku jiya". Kusan ajin duka suka ce kamantawa ce a dukkansu, alhali ta farko zato ce, ta biyu kintace, ta uku kuwa tuni ne kawai ga maganar da ta gabata. Babu adon komai a cikinsu.

Sannan ga kamantawar da ba ta da "kamar" ko alama. Idan mace ta ce wa ƙawarta "zanen nan ya fi nono fari", ta kamanta, kuma irin wannan shi ake kira kamancen fifiko. Idan aka ce "ko zuma ba ta kai muryarta zaƙi ba", an nuna gazawar zuma ne a gaban muryar. Amma idan na ce "ɗana ya fi ɗanki tsawo", wannan awo ne na gaskiya wanda za a iya tabbatarwa da igiya, domin yaro da yaro jinsi ɗaya ne, kuma tsawon nan tsawo ne na zahiri. Sharaɗin da muke mantawa mu nanata wa yara shi ne sai abubuwan biyu sun kasance daga duniya daban-daban, murya da zuma, mutum da zaki, sannan kwatancin yake zama ado. Wanda ya riƙe wannan, ko an ɓoye masa kalmar zai gane.

Basakkwace:
Goggo ta taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. A wajenmu "awa" muke cewa, kuma waƙoƙin makaɗan Sakkwato da Zamfara cike suke da ita. Ɗalibin da aka haddatar wa "kamar" da "tamkar" kaɗai, idan aka ajiye masa waƙar fada daga yankinmu, zai rantse babu kamantawa ko ɗaya a ciki.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga malamai daga wannan gefen iyaka. Mu a makarantun boko na Nijar da Faransanci muka fara sanin waɗannan abubuwa, kuma rabon da aka koya mana ya yi daidai da abin da Malamin Sakandare ya faɗa: in akwai kalmar kwatanci abu ɗaya ne, in babu wani abu ne daban. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin Faransanci da Ingilishi duk daga rijiya ɗaya suka sha, wato Girkawa. Kalmar da Turawa ke amfani da ita ga abin da muke kira siffantawa asalinta Girkanci ce, ma'anarta a ɗauke abu daga wuri a kai shi wani wuri. Aristotil, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ɗauki siffantawa a matsayin uwa, ya ce kamantawa ma wani nau'inta ne, bambancinsu kaɗan ne. Malaman Balaga kuwa, bisa bayanin Almajirin Zaure, sun ɗauki tashbihi a matsayin uwa, isti'ara ta zama 'yarsa da aka rage wa kaya. Kowane ɓangare ya ga dangantakar, sun saɓa ne a kan wace ce ta haifi wata, shi ya sa iyakar da suka shata ba ta faɗa wuri ɗaya ba. Jimlar da aka ba ɗalibar nan ta zauna ne daidai a tsakanin iyakokin biyu.

Mai Rubutun Zube:
Ni ba malama ba ce, labarai nake rubutawa, saboda haka a yi mini afuwa idan na yi tuntuɓe. Sunan "siffantawa" kansa yana rikita ni, domin a darasin nahawu sifa ita ce irin su fari, dogo, ƙarami. Da aka fara koya mini kalmar, na daɗe ina zaton duk wanda ya ce "doguwar mace kyakkyawa" ya yi siffantawa. Shin ba a sami wata kalma da ta fi wannan fita ba?

Malamin Sakandare:
Hajiya, abin da kika kwatanta, wato jera sifofin abu har mai karatu ya gan shi a zuci, shi ne ya fi kusa da abin da ake kira zayyana. Keɓaɓɓun kalmomin nan ba daga sama suka faɗo ba. Malaman jami'o'i ne suka zauna suka tace su bayan da aka fara koyar da Hausa da Hausa, kuma an tattara da yawa daga cikinsu a ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya, wanda ya fito a 1990. Wasu an aro su daga Larabci, kamar baiti da ƙafiya da kinaya. Wasu an ƙera su da kayan gida, kamar amsa-amo da ɗango da sabi-zarce. Ana iya samun wadda ba ta zauna daram ba, amma kalma idan ta shekara arba'in a bakin malamai da ɗalibai, sauya ta ya fi barin ta ɓarna.

Almajirin Zaure:
Ina so in koma kan wani abu da nake gani ya fi sunan muhimmanci. Rarrabewar da Balaga ta yi tsakanin "sarkin yaƙi zaki ne" da "na ga zaki a kan doki" tana da amfani ga Hausa kanta, ko da ba mu ɗauki sunayen Larabcin ba, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan salla ya ji abin da kunnensa. Maroƙi ba ya cewa "sarki giwa ne". Ɗaga murya yake yi ya ce "Giwa!", ya ce "Toron giwa!", ya ce "Zaki!", sarki kuma yana tafe a kan doki ƙarƙashin laima, kowa ya san da wa ake. Sunan sarkin bai fito ba, kalmar "ne" ba ta fito ba, an miƙa masa sunan dabbar ɗungurungum. Wannan ya fi "giwa ne" nauyi nesa ba kusa ba, domin mai cewa "giwa ne" yana yi maka bayani ne, kana iya musa masa, shi kuwa maroƙi ya wuce wurin bayani, ya riga ya raɗa suna. Haka kirarin Kano, "tumbin giwa". Idan muka zuba waɗannan duka a buhu ɗaya muka rubuta "siffantawa" a jikinsa muka ɗaure, ɗalibi ba zai taɓa tambayar dalilin da ya sa kirari ke tayar da tsikar jiki, jimlar allo kuwa ba ta tayarwa ba.

Akwai kuma nau'i na biyu, inda ake ɓoye dabbar ko mutumin da aka aro daga gare shi, a bar wata alama tasa kawai. Idan aka ce "mutuwa ta kafa masa farce", ba a ambaci zaki ko damisa ba, amma farcen ya tona asirin cewa an mayar da mutuwa dabba mai farauta. Balaga tana kiran wannan isti'ara makniyya.

Goggon Ɗalibai:
To, Malam, ai wannan na biyun muna da shi, sai dai mun ba shi ɗaki nasa daban. Shi ne jinsintarwa, wato a ɗauki halin wani jinsi a ba wani. Idan an ba abin da ba mutum ba halin mutum, mutuntarwa ke nan, kamar a ce "gari ya yi shiru yana saurare" ko "yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa". Idan halin dabba aka bayar, dabbantarwa, kamar misalin farcen nan naka. Idan kuma aka mayar da mai rai ko wani tunani ya zama sandararren abu ko tsiro, abuntarwa. Karin maganar nan da ke cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya ta mayar da ƙarya itaciya ba tare da ta ambaci itaciya ba. A nan ni ina ganin rabon Hausa ya fi na Larabci sauƙin kamawa ga yaro, domin sunan kansa yana gaya maka abin da aka yi.

Amma ga wata tambaya da nake jefa wa ɗalibaina, kuma ba kasafai suke kuɓuta ba. Bakin kogi, gindin bishiya, wuyan riga, ƙafar tebur, idon sawu: mutuntarwa ce ko a'a? Kogi ba shi da baki, riga ba ta da wuya. Asalinsu aro ne daga jikin mutum, amma sun daɗe a harshe har sun zama sunayen abubuwan, babu wanda ke jin wani daɗi ko mamaki idan tela ya ce zai gyara wuyan riga. Adon da ya tsufa haka ya tashi daga ado ya koma kayan aiki, kuma ɗalibin da ya lissafa shi a cikin gwanintar mawaƙi ya yaba masa a kan abin da bai yi ba.

Mai Rubutun Zube:
Goggo, to ina matsayin irin "dogon hannu" da "farin jini" da "ɗaurin gindi"? Kuma idan na rubuta a labari cewa ƙofar zauren wani malami ba ta rabuwa da takalma, ina nufin yana da yawan ɗalibai da baƙi, me na yi ke nan?

Almajirin Zaure:
Hajiya, na takalman nan kinaya ce tsantsa, kuma kyakkyawa. Alamar kinaya ita ce ma'anar zahiri tana iya zama gaskiya tare da ma'anar da ake nufi. Wanda ya je ƙofar zauren zai iya tarar da takalman a zube da gaske, amma ke ba lissafin takalma ne ya dame ki ba. Misalin da littattafan Balaga suka saba kawowa shi ne a ce mutum mai yawan toka ne: yawan toka na nuna yawan hura wuta, wannan na nuna yawan girki, wannan na nuna yawan baƙi, daga nan a isa ga karamci. Siffantawa ba ta yarda da haka, domin sarkin yaƙi ba zai taɓa zama zaki mai wutsiya ba.

Akwai kuma wani babi da ba kamance a cikinsa sam, sai dai kusanci. Magidanci ya ce yana ciyar da baki goma, ya ambaci gaɓa yana nufin mutum sukutum. A ce "fada ta hana", ko "gari ya fito kallo", an ambaci wuri ana nufin mutanen cikinsa, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, aya ta 82, inda 'yan'uwan suka ce wa mahaifinsu ya tambayi alƙaryar da suka kasance a cikinta. A ce ana rikici a kan rawani ko a kan kujera, ana nufin sarauta ko mulki. Balaga tana kiran irin wannan majazi mursali, kuma na lura ɗalibai da yawa suna tura shi cikin siffantawa don sun rasa inda za su ajiye shi, alhali baki bai yi kama da mutum ba, yanki ne nasa.

Basakkwace:
Kada a manta da sakaya zance saboda kunya ko ladabi, domin ita ce muka fi yi kullum ba tare da mun lura ba: ya riga mu gidan gaskiya, tana da juna biyu, ta sauka lafiya, zan kewaya. Wannan ma wasu suna sa shi a ƙarƙashin kinaya.

Goggon Ɗalibai:
Haka ne, kuma akwai waɗanda ma'anarsu ba ta cikin kalmomin ko kaɗan, tana cikin wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa. Yaro ya ɗauko tulu yana gudu, uwarsa ta ce, "Yawwa, ƙara gudu, ka fasa shi mu huta." Wannan gatse ne, kuma yaron da ya ɗauki maganar a kan fuskarta zai sha dukan da bai shirya ba. Ko a ce wa wanda ya kwana har hantsi "sannu da aiki". Idan ka rubuta jimlar ita kaɗai a allo ka ce ɗalibi ya faɗi adon da ke ciki, ka zalunce shi, domin gaisuwa ce kawai sai an san wa aka yi wa. Haka habaici. Bambancinsa da zambo shi ne zambo yana fuskantar mutum, ya zana muninsa yadda kowa zai gane shi, habaici kuwa ana sakin sa ne a iska ba suna, mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Kishiya tana daka tana waƙa, ba ta kira sunan kowa ba, amma wadda ke ɗakin can ta ajiye tsintsiya ta fito. In ka ɗauke tsakar gidan da mutanen cikinsa, baitin da ta rera ya zama magana maras laifi.

Saboda haka ni da zan duba takardar 'yar nan, hujjarta zan karanta kafin sunan da ta bayar.

Malamin Sakandare:
Goggo, a aji mai ɗalibi ɗari da hamsin, karanta hujjar kowa ba ƙaramin aiki ba ne, amma na yarda tambayar da ta ce "tare da hujja" ta ɗora wa mai dubawa wannan nauyi. Shawarata ga ɗalibar ita ce a takardar Hausa ta rubuta siffantawa, sannan in wuri ya samu ta ƙara da cewa malaman Balaga suna kiran irin wannan tashbihi baligi. Babu malamin kirki da zai rage mata maki a kan haka.

Ɗalibar Hausa:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara wa malamai lafiya. Na kwafe bayanan nan duka a littafina. Don in gwada ko na fahimta, na ɗauki karin maganar nan, "Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya." A fahimtata siffantawa ce a nazarin Hausa, tunda an ce duniya ita ce rawar ba tare da "kamar" ba, a Balaga kuma tashbihi baligi ce. Na yi daidai?

Almajirin Zaure:
Rabin farko kin yi daidai, 'yata. A rabi na biyu sake kirga rukunan. Baligi sai an sauke kalmar kamantawa da fuskar kamar duka biyu. A nan an sauke "kamar", amma "na gaba ya koma baya" mene ne aikinsa a cikin zancen, in ba gaya miki ta inda duniya ta yi kama da rawar ba? Koma ki duba sunan tashbihin da aka sauke wa kalma aka bar masa fuska, ki kawo mana gobe in Allah ya kai mu.